Sulhu da Dimokuraɗiyya a Maraɗi: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Na yi shekaru ina riƙe da alƙalami a zaman sulhun gonaki a wani ƙauye na yankin Madarunfa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawo mini, wasu daga matasa a fada wajen shan shayi, wasu daga manoma da makiyaya bayan an tashi daga zama, wasu kuma daga ɗalibai masu neman abin rubutawa. Na amsa su gwargwadon abin da na gani da abin da doka ta tanada.

Mene ne bambancin sulhu da shari'a?

A shari'a, alƙali ne ke da maganar ƙarshe. Ya saurare ku, ya duba doka, ya ce wane ke da gaskiya, ko kun so ko kun ƙi. A sulhu kuwa, maganar ƙarshe tana bakin masu rigimar. Mai shiga tsakani yana iya lallashi, yana iya tunatar da zumunta, har ya yi faɗa irin na uba, amma idan ɗaya ya ce bai yarda ba, to ba a yi sulhu ba.

Akwai bambanci na biyu da mutanen karkara suka fi damuwa da shi. Alƙali yana duba abin da ya riga ya faru. Mai sulhu yana duba gobe, domin waɗannan mutane biyu za su sake haɗuwa a bakin rijiya, a kasuwar mako, a jana'iza. Shi ya sa Hausawa ke cewa shari'a saɓanin hankali: ka ci shari'a a Maraɗi, ka koma gida ka tarar babu mai ba ka aron galma.

To, me ya haɗa sulhu da dimokuraɗiyya? Ai ɗaya na zaure ne, ɗaya na akwatin zaɓe.

Abu ɗaya suke nema daga mutum, kuma shi ne mafi wuya: ka rasa wani abu yau, ka haƙura, ka zauna cikin jama'a ba tare da ka ɗauki makami ba. Manomin da ya nemi jika hamsin kuɗin ɓarna ya karɓi talatin, da ɗan takarar da ya faɗi zaɓen kansila ya je ya yi wa abokin karawarsa barka, darasi guda suka karanta. Dukansu sun yarda ne saboda an saurare su, kuma sun san ƙofa ba ta rufe ba, akwai wata damina, akwai wani zaɓe.

Ƙuri'a ƙidaya kawai take yi. Tana faɗin wa ya fi yawa, ba ta faɗin yadda za a yi da marasa yawa. A yawancin ƙananan hukumomin kudancin jihar Maraɗi manoma ne suka fi yawa a rajistar zaɓe, makiyayi mai wucewa kuwa sau da yawa ba ya ma da katin zaɓe a wurin. Da yawa kaɗai ake bi, da tuni an nome burtali ƙaf. Abin da ke ba marar rinjaye wurin zama a tabarma shi ne sulhu. Sai dai akwai sharaɗi, kuma na yi bayaninsa a amsar da ta shafi danne mai rauni.

Wa doka ta ba ikon yin sulhu a Nijar?

Sarakunan gargajiya, tun daga mai unguwa da mai gari da shugaban ruga har zuwa sarkin kanto da sultan. Dokar da ta tsara matsayin sarauta, ta watan Janairun 2015, wadda ta gaji ta 1993, ta ba su ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na mu'amala da na ciniki. Kalmar da doka ta yi amfani da ita sasantawa ce. Yanke hukunci aikin kotu ne. Mutane da yawa, har da wasu masu gari, ba su rarrabe wannan ba.

A rigimar ƙasa kuwa, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta sa sulhu ya zama matakin farko na tilas. Idan ka tsallake mai gari ka nufi kotu da maganar iyakar gona, za a tambaye ka takardar da ke nuna an gwada sulhu ya ƙi. Ban da sarakuna, malamai na sasanta ma'aurata da magada, shugabannin 'yan kasuwa na sasanta bashi, kuma a kotu ma alƙali kan zauna da masu ba shi shawara kan al'adar masu ƙara idan magana ta shafi aure, gado ko gona.

Yaya zaman sulhu yake gudana a zahiri?

Bari in ba da wanda na rubuta da hannuna. Ƙarshen damina ne, an yanke hatsi amma wake na nan a gona. Shanu suka shiga da dare. Da safe mai gonar ya zo ƙofar mai gari yana huci, ya ce jika tamanin zai karɓa ko kuwa a kai shanun ma'ajiyar dabbobi ta hukuma. Mai gari bai ce masa komai ba sai "zauna ka sha ruwa tukuna". Ya aika a kira arɗo, ya tura mutum huɗu su je su ga gonar, biyu daga manoma, biyu daga makiyaya. Suka bi sawu, suka auna inda aka ci da taki, suka dawo.

Da aka zauna, mai gonar ya yi magana har ya gaji, ba wanda ya katse shi. Sai arɗo ya ce: "Ranka ya daɗe, ɓarna dai mun yi, ba mu musu. Amma a tambaye shi, hanyar da muke bi zuwa tabki bara, ina take bana?" Wuri ya yi tsit. Kowa ya san mai gonar ya ci taki goma sha wani abu daga burtali. Liman ya gyara murya ya ce, "Malam, kai ma ka ci, su ma sun ci." Aka yi dariya, har shi. Aka tsaya a kan jika talatin da biyar, shi kuma zai janye shukarsa zuwa tsohuwar iyaka kafin damina mai zuwa, a kafa alama a gaban shaidu. Na rubuta, kowa ya dangwala yatsa, aka yi fatiha.

Abin lura a nan, maganar burtalin ba za ta taɓa fitowa ba da ba a ba arɗo damar yin magana daidai da mai gona ba. Kuma mutanen da suka auna ɓarnar daga ɓangarorin biyu aka ɗebo su, adadi ɗaya. Dokar kiwo ta watan Mayun 2010 ma haka ta tanada.

Mene ne aikin kwamitin filaye da ake kira Kofo? Shi ma kotu ne?

A'a. Kofo ba ya yanke hukunci, kuma ba shi ne mai sulhu ba. Aikinsa riga-kafi: rubuta cinikin gona, jingina, aro, haya, kyauta da gado, shata burtali da makiyaya da mashaya, da taimakawa wajen kimanta ɓarna. Akwai shi a matakin ƙauye ƙarƙashin mai gari, da na ƙaramar hukuma, da na gunduma ƙarƙashin parfe. A cikinsa akwai kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata da ta matasa.

A ganina wannan ƙaramin kwamiti ya fi tarurruka da yawa na manyan otal koya wa mutane dimokuraɗiyya, inda yake aiki ke nan. Inda ba ya aiki, za ka tarar da sunan mace a takarda amma ba a taɓa kiranta zama ba, rajista kuma tana cikin akwatin mai gari, gara ta fara ci.

Me ya sa ake yawan ambaton Toda idan ana wannan magana?

Saboda abin da ya faru can a ƙarshen Oktoban 1991, a yankin Gidan Rumji. Rikicin manoma da makiyaya ya kai ga kashe mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Har yau dattawan yankin ba su son a tayar da zancen.

Dubi lokacin. A daidai waɗannan kwanaki wakilan ƙasa na zaune a Yamai a babban taron ƙasa, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, suna shimfiɗa mulkin jam'iyyu da yawa. Ana rubuta 'yancin ɗan ƙasa a babban birni, ana ƙone 'yan ƙasa a karkarar Maraɗi. Dokar karkara ta zo bayan wata goma sha shida. An daɗe ana shirya ta kafin Toda, amma duk wanda ya yi aikin filaye a jihar nan ya san da Toda a zuci ake karanta ta.

Sarki ba zaɓaɓɓen talakawa ba ne. Yaya sulhunsa zai zama na dimokuraɗiyya?

Tambaya ce mai nauyi, kuma matasa ne suka fi yin ta. Da farko, ba daidai ba ne a ce babu zaɓe sam. Mai gari magidanta ne ke zaɓensa, sarkin kanto kuma masu gari ne ke jefa masa ƙuri'a, sai dai 'yan gidan sarauta kaɗai ke tsayawa, kuma kujerar ta rai da rai ce. Tun kafin Turawa ma, Sarkin Katsinan Maraɗi bai kasance mai yin yadda ya ga dama ba: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi ke zaɓensa, kuma sai da shawararsu yake tafiya. A Tsibiri akwai Taran Gobir, majalisar mutum tara masu zaɓen Sarkin Gobir. Ba na cewa wannan dimokuraɗiyya ce, domin talaka ba shi da baki a ciki. Amma tunanin cewa mai mulki yana da waɗanda za su taka masa burki ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Na biyu, abin da ke halatta sulhun sarki shi ne iyakarsa. Ba ya ɗaure kowa, ba ya tilasta kowa, kuma akwai kotu a bayansa. Ranar da sarki ya mai da sulhu hukunci, ya ce "na yanke" a maimakon "kun yarda?", ranar ya fita daga hurumin da doka ta ba shi. Haka kuma doka ta hana shi shiga siyasar jam'iyya. Dalilin a bayyane yake: mai garin da aka gani yana raba atamfar jam'iyya a lokacin kamfe, da wane ido ɗan adawa zai dube shi ranar rigimar gona? Na ga ƙauyen da ya rabu gida biyu bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, masallaci biyu, mahauta biyu, kowace rigimar akuya sai ta tafi jandarmomi, don ba wanda ya yarda da zauren mai gari.

Ba a amfani da sulhu wajen danne mai rauni?

Ana yi, kuma wannan ne babban aibinsa. Kalmar "haƙuri" tana da daɗi a baki, amma a lura da wanda ake yawan faɗa wa ita. Matar da aka mutu aka bari, ƙaramin ƙane, baƙo, wanda ya ci bashi, su ne kullum ake ce wa su bar wa Allah.

Wata rana wata mata ta zo da 'ya'yanta mata uku. Mijinta ya rasu, ƙannensa sun shiga gonar sun shuka. Dattawa suka taru suna cewa, "Haba 'yar nan, ai gida ɗaya ne, za a riƙa ba ki dami duk kaka." Ta sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka ta yarda, ni ma har na ɗora alƙalami. Sai yayarta da ta rako ta ta ce daga bakin ƙofa, "Baba, a yi mini gafara, ba ta ce ta yarda ba. Kunya ce ta hana ta magana." Liman ya ce gaskiya ne, kuma rabon gado ba abin alfarma ba ne, tumunin takaba nata ne, kashi biyu cikin uku na 'ya'yan ne, saura na 'yan'uwan mamaci. Ya ƙara da cewa sulhun da ya halatta haram ba sulhu ba ne. Aka sa ranar rabo. Da yayar ba ta zo ba, da na rubuta zalunci da kyakkyawan rubutu, an dangwala yatsa, an yi fatiha.

Daga ranar na riƙe ma'auni ɗaya: sulhu na gaskiya shi ne wanda mai rauni zai iya cewa a'a a cikinsa, ya tashi, kuma yana da inda za shi. A nan dimokuraɗiyya ke biyan sulhu bashinsa. Kotu mai zaman kanta, rediyon da za a kira a yi ƙorafi, ƙungiyar mata ko ta makiyaya da za ta raka mutum, su ne ke sa mai ƙarfi ya sassauta a zaure, don ya san in ya matsa za a wuce gaba.

Idan ban yarda da abin da aka tsayar ba, me zan yi? Kuma wace magana ce ba ta sulhu ba?

Kada ka sa hannu. Ka ce a rubuta takardar rashin sulhu, haƙƙinka ne. Daga mai gari ana iya zuwa wurin sarkin kanto a sake gwadawa, daga nan sai kotu. Idan kuma an daidaita, ka tabbata an rubuta, ka karɓi kwafinka, ka adana. Sulhun baki yana mutuwa tare da shaidunsa, jikoki kuma su tayar da rigimar daga tushe.

Kisa, rauni da makami, fyaɗe, fashi da satar mutane ba na zaure ba ne. Na jandarmomi ne da mai gabatar da ƙara. Iyalai na iya yafe wa juna don zaman gaba, wannan alheri ne, amma bai goge laifin ba. Mafi muni shi ne rufe fyaɗen yarinya da sunan rufin asiri. Wanda aka rufa wa asiri a nan shi ne mai laifi.

A siyasar ƙasa fa, an taɓa gwada sulhu tsakanin 'yan siyasa?

Sau da yawa, kuma tarihinmu ya nuna abin da rashinsa ke jawowa. A 1995 Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya, aikin gwamnati ya tsaya cik, har sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka karɓe mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Darasin wannan na cikin abin da ya sa aka kafa majalisar tuntuɓar juna ta 'yan siyasa, CNDP, a 2004, inda masu mulki da 'yan adawa suka riƙa zama ƙarƙashin firaminista su daidaita kan dokar zaɓe da makamantanta kafin a kai majalisar dokoki. An kuma kafa ofishin mai shiga tsakani na ƙasa don ƙorafin talaka a kan ma'aikatun gwamnati. An naɗa Cheiffou Amadou a kansa a 2011.

Sai tazarce. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta turo Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga tsakani. An zauna a Yamai, ba a daidaita ba, ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo ya kifar da gwamnatin. Wanda ya karanta amsar da ta gabata kan mai rauni zai gane dalili. An riga an rushe kotun da 'yan adawa za su je in sun ce a'a, ɓangare ɗaya kuma yana ganin babu abin da zai tilasta shi ya sassauta. Ita ma CNDP ta yi rauni a shekarun baya, lokacin da 'yan adawa suka riƙa ƙaurace mata suna cewa an mai da ita wurin sanar da su abin da aka riga aka yanke.

Akwai inda sulhun ƙasa ya yi nasara?

Akwai. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen arewa, da taimakon Aljeriya, Burkina Faso da Faransa, ita ce asalin ranar haɗin kan ƙasa da ake hutu dominta. A Satumban 2000 aka ƙone makamai a Agadas. Cikin abin da aka yi alkawari har da sakar wa yankuna iko, wanda ya kai ga zaɓen ƙananan hukumomi 265 a 2004. Wato kujerar magajin gari da kansilolin da muka sani a Tasawa, Dakoro ko Mayahi, wani ɓangare na asalinta teburin sulhu ne. Tawaye ya sake tashi a 2007, don haka ba a ce an gama ba, amma tsoffin 'yan tawaye da dama sun koma neman ƙuri'a.

Me ya sa a 2023 malamai da sarakuna suka samu shiga inda 'yan diflomasiyya suka kasa?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, ta yi barazanar yaƙi, sannan ta turo tawagar Abdulsalami da Sarkin Musulmi. A zuwansu na farko ba su ga Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba. Wanda ya fara ganinsa daga Najeriya shi ne Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi, tare da Sultan na Damagaram, sai kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau.

Dalilin bai wuce abin da kowane mai gari ya sani ba: mai shiga tsakani ba ya zuwa da sanda a hannu. Ƙungiyar da ta yanke maka wuta ta rufe maka iyaka ta zama abokiyar rigima. Mu a Maraɗi mun ji abin a jikinmu, don hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ita ce numfashin kasuwarmu, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Katsina. Sai dai a faɗi gaskiya, malaman sun taimaka an kauce wa yaƙi, amma ba su sasanta rigimar mulkin kanta ba. Nijar ta fice daga CEDEAO.

Wasan taubasai yana da wani amfani a nan, ko raha ce kawai?

Yana da shi. Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Babarbare, ɗan mace da ɗan namiji, suna iya faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci a cikin dariya, kuma al'ada ta hana a yi fushi. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Na sha ganin an kira taubashi musamman don ya karya taurin kan wanda ya ƙi jin kowa. Amma wasa yana buɗe baki ne kawai. Ba ya auna gona, ba ya biyan ɓarna.

Yanzu da babu jam'iyyu kuma babu zaɓaɓɓun kansiloli, wa zan nufa da rigimata?

An jingine tsarin mulkin 2010, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, an kuma rusa jam'iyyu a Maris 2025. Amma hanyar rigimar gona, gado da bashi ba ta canza ba: mai gari ko mai unguwa, sarkin kanto, sannan kotu, kamar yadda na bayyana a sama. Kofo ma na nan, sai dai kujerar da magajin gari ke zama a kai yanzu mai riƙo ne ke kanta.

Abin da ya ragu shi ne kansilan da kake iya tarewa a kasuwa ka ce masa "da ƙuri'ata ka hau". Saboda haka nauyin da ke kan zaure ya ƙaru, kuma ya kamata ka shiga da shirinka. Ka je da shaidun da suka san iyakar tun zamanin iyaye. Idan mace ce, ta tafi da wanda zai iya magana in kunya ta kama ta. Ka nemi a karanta maka takardar da Hausa kafin ka dangwala yatsa, a faɗi adadin kuɗi da ranar biya da sunan shaidu, sannan ka ɗauki hotonta da wayarka tun ba ka bar wurin ba.